Idan Magani Bai Karɓe Ka Ba: Yadda Ake Gane Illarsa da Abin da Ya Kamata a Yi

Goggona ta yi wata huɗu tana fama da busasshen tari a nan Garwa, irin wanda ba ya fitar da komai, sai dai ya riƙa yi mata ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya taso da zarar ta kwanta har ya hana 'yan ɗakin barci. An saya mata ruwan maganin tari kwalba uku, ta sha zuma da citta da lemun tsami, aka ɗauki hoton ƙirjinta saboda tsoron tarin fuka, ba a ga komai ba. Ranar da ta koma awon hawan jini, wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata: "Hajiya, gobe ki tattaro mini duk abin da kike sha, har wanda ba mu muka rubuta miki ba." Washegari goggo ta juye ledarta a kan tebur, matar ta ɗauki wani kwali ta tambayi yaushe aka fara ba ta shi, aka lissafa, sai ga shi ya zo daidai da farkon tarin. Kaptopril ne, maganin hawan jini mai kyau kuma mai araha, wanda aka san yana sa wasu mutane irin wannan tari. Likita ya canza mata wani, kafin wata ya zagayo tarin ya ɗauke.

Abin da ya sami goggo shi ne ake kira illar magani, wato wani abin da magani yake haifarwa a jiki ban da aikin da aka sha shi dominsa, ko da kuwa maganin na gaskiya ne kuma an sha shi yadda aka ce. Ƙwayar da ka haɗiye ba ta san hanyar wurin da ke maka ciwo ba, jini ne yake ɗaukarta ya ratsa da ita ko'ina, hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta fitar da ita, saboda haka tana iya taɓa inda ba a aike ta ba. Mu kan taƙaita duk wannan da cewa "maganin bai karɓe ni ba", amma maganar tana ƙunshe da abubuwa mabambanta ƙwarai. Akwai illar da ake haƙuri da ita a ci gaba da shan magani, akwai wadda ake kai wa likita labarinta a cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma wadda ba a tsayawa neman takalmi. Wanda ya iya bambance su, kuma ya san sunan abin da ya sha, ya tsira daga mafi yawan hatsarin.

Kafin ƙwayar farko

Ka fara da sanin sunan maganin, domin "ƙaramar farar ƙwaya" ko "kafso mai ja da rawaya" ba suna ba ne, kuma babu likitan da zai iya taimakonka da wannan kwatance. Kowane kwali yana ɗauke da suna biyu, sunan da kamfani ya raɗa masa da manyan baƙaƙe, da sunan ainihin sinadarin a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe, wanda masu farmasi suke kira DCI. Na biyun shi ne abin riƙewa. Doliprane da Efferalgan da Panadol duk parasitamol ne, haka kuma yawancin magungunan mura da ake jiƙawa a ruwa suna ɗauke da shi a ciki. Mai zazzaɓi yana iya shan wannan don ciwon kai, ya sha wancan don mura, ya ƙara da na uku don ciwon jiki, yana zaton magunguna uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka sau uku. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 3 a yini ba sai da izinin likita, wato ƙwaya 6 masu miligiram 500, kuma ko likita ba ya wuce giram 4. Abin da ya haura haka yana iya lalata hanta, kuma mugun halin wannan illa shi ne mutum yana iya jin kansa lafiya lau a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ya bayyana. Wanda ya iya karatun Faransanci ya buɗe takardar da ake ninkewa a cikin kwali, ya nemi inda aka rubuta effets indésirables. Jerin yana da tsawo har yakan tsorata mutum, amma kamfani dole ne ya rubuta duk abin da aka taɓa gani, har wanda yake samun mutum ɗaya cikin dubu goma.

Rashin sanin sunan magani ne babban dalilin da ya sa nake ƙin maganin tire da na bakin tasha. Ka tsaya kusa da mai sayarwa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko a kowace tashar mota daga Ngaundere zuwa Kusseri, za ka ga leburan da ya wuni yana dako ya zo ya ce: "Malam, haɗa mini na ciwon jiki." Mai tiren zai ɓalle ƙwaya ɗaya daga nan, biyu daga can, ya zuba guda biyar a ƙullin leda, mai saye ya watsa su baki ɗaya ya kora da ruwa. A irin wannan haɗi akan sami diklofenak da ibuprofen tare, waɗanda aikinsu ɗaya ne kuma illarsu ɗaya, a ƙara da deksametazon mai rage kumburi, wani lokaci har da tramol, wanda yawansa yake jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, yake danne numfashi, kuma yake kama mutum ya kasa rabuwa da shi. A Njamena har suna aka yi wa masu wannan sana'a, ana kiransu dokta cuku. Idan wani abu ya faru da wanda ya sha, babu kwali, babu suna, babu wanda zai ce ga abin da ya shiga cikinsa. Ruwan maganin yara ya fi wannan hatsari: a 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya sakamakon gurɓataccen maganin tari da ya kashe musu ƙoda, kuma a watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan wani mai suna Naturcold da aka samu a nan Kamaru ɗauke da irin wannan guba.

Kafin a rubuta maka magani, ka faɗi abin da ba a tambaye ka ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mace ta faɗi idan tana da juna biyu, ko tana zaton haka, ko tana shayarwa, saboda kaptopril ɗin nan da 'yan uwansa suna cutar da ɗan tayi, tetrasiklin yana ɓata haƙoran yaro, ibuprofen da diklofenak kuma an hana su gaba ɗaya daga wata na shida. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai asma, kowa ya faɗi nasa. Wanda wani magani ya taɓa fitar masa da ƙuraje ko ya kumbura masa fuska ya faɗa tun kafin likita ya ɗora alƙalami. Sai kuma abin da mutanenmu suka fi ɓoyewa don gudun faɗa, wato jiƙo da tsimi da sassaƙe da garin da aka karɓo wurin mai maganin gargajiya. Su ma magunguna ne, ta hanta ɗaya da ƙoda ɗaya suke bi da na asibiti. Ko abincin yau da kullum yana da nasa tasiri. Kanwa gishiri ce a wurin mai hawan jini, tana rusa aikin maganinsa. Nono da madara suna kama tetrasiklin da siprofloksasin a cikin hanji su hana jiki amfana da su, don haka a bar tazarar sa'a biyu a tsakani. Shayi mai kauri yana rage shigar ƙwayar ƙarin jini, abin da ya kamata masu zuwa awo su sani. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, kuwa akasin haka yake, ya fi shiga jiki idan an bi shi da madara ko abinci mai maiƙo, kamar kunun gyaɗa.

Illar da ake haƙuri da ita

Wasu illolin suna da ban tsoro a ido amma ba su da hatsari, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sun watsar da maganin da zai cece su. Mai shan maganin tarin fuka zai ga fitsarinsa ya koma ruwan goro, har gumi da hawaye sukan ɗauki launin. Wannan aikin rifampisin ne, launin ƙwayar ne yake fita, ba jini ba ne. Na san wani magidanci a unguwarmu da ya ajiye maganinsa mako uku a kan wannan, yana cewa ƙwayar tana narkar masa da jini, alhali magani ne na wata 6 da ba a yi masa hutu, kuma katse shi yana iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Sai dai matar da take shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa rifampisin yana raunana aikinta, ta nemi shawara a kan wata hanyar. Ƙwayar ƙarin jini tana mayar da bayan gida baƙi kuma tana sa shi tauri, maganin wannan shi ne yawan ruwa da ganye da 'ya'yan itace. Flagyl yana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kuma ba ya haɗuwa da giya ko kaɗan. Kinin yana sa ƙugi a kunne har ji ya ragu na 'yan kwanaki. Manya a cikinmu suna tuna ƙaiƙayin Nivaquine, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda yake hana mutum barci kwana biyu yana susar tafin hannu da tafin ƙafa, illar da ta fi samun baƙar fata.

Iyaye mata sun fi kowa haɗuwa da irin wannan a lokacin damina. Tun 2016 ake bi gida-gida a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa, daga wajajen Yuli zuwa Oktoba, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shirin da ake kira CPS. A ranar farko ma'aikaci ne yake ba yaro ƙwaya biyu a gabansa, sauran kwana biyun uwa ce take ba shi amodiyakin a gida. Amodiyakin yana da ɗaci, yakan sa amai ko ciwon ciki ko kasala ta kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne uwa take cewa maganin ya kwantar mata da yaro, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin katifa. Abin da ya dace shi ne a ba yaron abinci kafin maganin, idan kuma ya amayar da shi cikin minti 30 a sanar da ma'aikacin ya sake ba shi. Yaron da yake da zazzaɓi a ranar, ko yake shan Bactrim, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko wannan magani ya taɓa fitar masa da ƙuraje, ba a ba shi, kuma uwa ce za ta faɗa domin ma'aikaci ba zai gani a goshinsa ba. Haka maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu, musamman a garuruwan da ke kusa da ruwa irin su Lagdo da Maga, yakan sa jiri da murɗar ciki na 'yan sa'o'i, kuma ya fi wahalar da yaron da ya je makaranta bai karya ba. Ɗan zazzaɓi da kumburin wurin allura bayan rigakafi su ma sukan wuce cikin kwana biyu.

Magungunan ƙaiƙayi da na mura da yawa suna sa barci da mutuwar jiki. A wurin mai zaman gida wannan ba wani abu ba ne, amma ɗan acaba ko direban da zai kama hanyar Marwa ya sha su da dare. Wanda ya fara sabon maganin hawan jini kuma ya riƙa tashi a hankali, ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, don kada jiri ya kayar da shi.

Wadda ba a kwana da ita

Mafi gaggawa ita ce wadda take zuwa cikin mintoci kaɗan bayan allura ko haɗiyar ƙwaya, galibi daga dangin penisilin irin su amoksisilin, ko daga magungunan ciwon jiki. Borin jini ya fito ko'ina, leɓe da fatar ido ko harshe su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana shewa, mutum ya ji jiri kamar zai faɗi. Wannan yana iya kisa kafin sa'a ta cika, kuma maganinsa allurar adrenalin ce a cinya, wadda sai a asibiti ake samunta. Kada a tsaya ba shi nono ko man ja da sunan karya guba, domin maƙogwaron da ya kumbura ba ya haɗiya. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan kuma numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, a nufi asibiti mafi kusa. Saboda wannan ne ake cewa wanda aka yi wa allura ya zauna minti 15 zuwa 30 kafin ya tafi, kuma saboda wannan ne allurar da ake yi a cikin shago ko a zaure take da hatsarin da araharta ba ta kai ba.

Ta biyu ta fi yaudara domin ba ta zuwa da wuri. Bayan kwana huɗu zuwa mako huɗu da fara wani magani, sai mutum ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, idanu su yi ja suna zafi, baki da leɓe su yi gyambo, sannan ƙuraje su feso a ƙirji da fuska su koma bororo, fata ta fara saluɓewa kamar ta wanda ruwan zafi ya ƙona. Likitoci suna kiran wannan ciwon Stevens-Johnson. Ba ya yawan faruwa, amma magungunan da suka fi jawo shi duk suna cikin gidajenmu: Bactrim, Fansidar, magungunan farfaɗiya irin su Gardenal da Tegretol, da alopurinol na ciwon gaɓɓai. Kuskuren da ake yi a gida kusan iri ɗaya ne kullum. Ana ganin ƙuraje da jan ido sai a ce ƙyanda ce ko ƙarambau, a shafa wa mara lafiya wani abu, a ci gaba da ɗura masa maganin da yake ƙona shi, wani lokaci ma a ƙaro masa Bactrim don gyambon bakin. Ka'idar da za a riƙe ita ce, duk ƙurajen da suka fito wa mai shan sabon magani tare da zazzaɓi, ko suka taɓa baki ko ido ko al'aura, a dakatar da maganin, a kai mutumin asibiti a ranar tare da kwalin. Kowace ƙwaya da aka ƙara tana ƙara faɗin fatar da za ta tashi.

Diklofenak da ibuprofen da aspirin suna cin bangon ciki, musamman ga tsofaffi da masu shansu kullum a kan yunwa. Alamar zubar jini a ciki ita ce aman jini, ko amai mai kama da dusar kofi, ko bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta mai tsananin wari, tare da jiri da bugun zuciya. Bambancinsa da baƙin ƙwayar ƙarin jini a fili yake, domin wancan busasshe ne kuma ba ya zuwa da rashin ƙarfi. Waɗannan magunguna suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma a ƙasar da zafi yake haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, mutumin da ya wuni a gona ko a kan babur, ko mai azumi, ko mai gudawa, ya riga ya bushe kafin ya sha. Idan fitsari ya ragu ƙwarai, ƙafa da fuska suka kumbura, ƙoda ce take kuka. Aspirin kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi ko ƙarambau. Shawara, wato farin ido ya koma rawaya tare da amai da ƙin abinci, alama ce ta hanta, kuma ga mai shan maganin tarin fuka tana nufin ya koma inda ake ba shi maganin a ranar, kafin ya sha na gaba. Haka fitsarin da ya yi duhu kamar baƙin shayi bayan maganin zazzaɓi ko Bactrim, tare da tafin hannu ya yi fari, yana nuna jini yana fashewa.

Mai ciwon sukari da yake shan Daonil ko yake allurar insulin yana fuskantar faɗuwar sukari idan ya sha magani bai ci abinci ba, abin da yake yawaita a watan azumi. Gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado, duk alamunta ne. Idan yana cikin hayyacinsa a jiƙa masa ƙwarar sukari uku ko huɗu a ruwa ya sha nan take, a bi da abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi a gefensa a kai shi asibiti. Aikin Daonil yana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa bayan sa'o'i, saboda haka farfaɗowa ba ta isa a ce an gama ba. Mai niyyar azumi ya je wurin likitansa tun a watan Sha'aban a daidaita masa lokutan magani. Kinin ma yana faɗar da sukari, musamman ga masu juna biyu.

Akwai wata illa da nake so iyaye su sani domin kusan kullum wurin malami ake kai ta. Yaro ko budurwa an ba su Primperan don tsayar da amai, bayan 'yan sa'o'i sai wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito, haƙora su datse, alhali mutum yana jin duk abin da ake faɗa. Wanda ya gani zai rantse iska ce. Aikin maganin ne a kan jijiyoyi, kuma a asibiti akwai allurar da take warware shi cikin ɗan lokaci. Addu'a ba ta hana tambayar abin da yaron ya sha jiya da yau.

Wadda take cin mutum a hankali

Deksametazon da 'yan uwansa magunguna ne masu ceton rai a hannun likita, amma a hannun 'yan mata masu neman ƙiba kafin biki sun zama bala'i. Abin da suke kawowa ba ƙibar lafiya ba ce, fuska ce take cika ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, sannan hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi su biyo baya, garin neman ƙiba a samo rama. Mayukan sauya launin fata da yawa suna ɗauke da irin wannan sinadari, su ne suke sa fata ta yi siriri ta tsattsage, ciwo ya ƙi warkewa. Wadda ta daɗe tana shan irin wannan ƙwaya kada ta yanke ta rana ɗaya, domin jiki ya daina samar da nasa sinadarin, yankewar farat ɗaya tana iya jefa ta cikin suma. Likita ne yake rage mata a hankali.

Wannan ya shafi wasu magungunan ma. Na farfaɗiya, na hawan jini, na tarin fuka, na cutar sida da na taɓin hankali ba a ajiye su don kawai sun dami mutum, sai idan ɗaya daga alamun hatsarin da aka ambata ya bayyana, kuma ko a lokacin asibiti ake nufa a ranar, ba gida ake zama ba. Kumburin idon sawu daga amlodipin na hawan jini, gudawa daga metformin na ciwon sukari, ƙaiƙayi da zafin tafin ƙafa daga maganin tarin fuka, raguwar ƙarfin namiji daga wasu magungunan hawan jini, duk suna da mafita, ko dai a rage adadi, ko a canza lokacin sha, ko a kawo wani a madadinsa. Raguwar ƙarfin nan ita ce maza suka fi jin nauyin faɗa, sai su bar maganin shiru har shanyewar ɓarin jiki ta same su. Likita ba zai san abin da ke faruwa ba sai an gaya masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan za ka koma asibiti da ƙorafin illa, ka tafi da kwalayen duk abin da kake sha, da takardar da aka rubuta maka maganin, da karnenka, wato littafinka na asibiti, kuma ka shirya amsar tambaya uku: yaushe ka fara maganin, yaushe alamar ta fara, me kuma ka sha tare da shi. Idan ƙuraje ne ka ɗauki hotonsu da waya, domin borin jini yakan baje kafin layi ya zo kanka. Ka kuma roƙi ma'aikacin ya cika takardar rahoton illar magani, wadda take tafiya zuwa sashen kula da magunguna na ma'aikatar lafiya a Yawunde. Wannan tsari ya samo asali ne daga abin da ya faru da talidomid, maganin da mata masu juna biyu suka sha a Turai da wasu ƙasashe, aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin tattara irin waɗannan rahotanni, wanda cibiyarsa take Upsala a ƙasar Suwidin. Ana gwada sabon magani ne a kan mutane 'yan dubbai, galibi a ƙasashen da abincinsu da yanayinsu ba namu ba ne, don haka illar da ba ta yawan faruwa ba ta bayyana sai ya shiga hannun jama'a.

Maganin da aka tabbatar ya taɓa yi maka mummunar illa, ka sa likita ya rubuta sunan sinadarinsa da manyan baƙaƙe a shafin farko na karnenka, tare da abin da ya yi maka da shekarar da abin ya faru. Ka tambaya ko yana da dangi, domin wanda Bactrim ya ƙona ba ya shan Fansidar, wanda penisilin ya kumbura kuma ba ya shan amoksisilin. Ka kwafi sunan a wata 'yar takarda ka ajiye tare da katin ɗan ƙasa, ka kuma gaya wa matarka ko mijinki da babban ɗa a gida, saboda ranar da za a kai mutum asibiti a sume su ne za a tambaya.